Ta'aziyyar Mai Rai

Lajifarani, Paraku
Watan Rajab, 1971

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga yayarka Rabi'a zuwa ga ƙanena Dalhatu a Zongon Jugu. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa? Ina fata goro yana tafiya. Mu nan lafiya, sai godiyar Allah.

Bayan haka, da hannuna na rubuta maka wannan, da ajami, don ba magana ce da zan kai wa mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa ba. Lado mai kamiyo, babbar motar kayan nan, zai kawo maka. Ka karanta kai kaɗai.

Ranar Talata da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida aka yi sallama, Malam ya fita. Baƙi biyu ne: sabon shef, wato shugaban su Malam a ma'aikatar hanya, mutumin kudu da bai daɗe da zuwa ba, da wani daga kes, wato ofishin nan da ke biyan kuɗin asibitin ma'aikata da iyalansu. Na aiki auta Zuwaira ta kai musu ruwa da goro. Ka san zauren namu, zana ce kawai tsakaninsa da madafa, ko tari aka yi sai ka ji. Ban kasa kunne da gangan ba, Allah ya sani. Sai na ji mutumin kes, da 'yar Hausarsa, yana cewa gaisuwa suka zo, takarda ta iso musu daga wani asibiti a Jugu cewa matar Malam, Rabi'a, ta rasu. Ya ce Allah ya jiƙanta.

Dalhatu, na ji Malam ya ce amin.

Rariya na hannuna. Na dubi hannun, na ga gari a kai, na ce to ai kuwa da raina. Zuwaira ta dawo da kwanon ruwa ido waje, na sa yatsa a baki na yi mata alama ta yi shiru. Har yanzu ban san abin da ya sa na yi hakan ba.

Da suka tafi na tambayi Malam. Ya ce kuskuren takarda ne, zai gyara, amma kada in leƙa ƙofa kwana biyu. Bai kalle ni ba. Ya ɗauki buta ya nufi masallaci, alhali ko kira ba a yi ba.

Sai na buɗe adakata. Karnena na asibiti, ɗan littafin nan mai koren bango da nake ajiyewa ƙarƙashin zannuwa, babu shi. Rabona da shi tun bara da gyambon cikina ya tashi. Ka tuna karnen nan ba hoto a jikinsa. Lokacin da aka ce kowa ya kawo hoto na ƙi, don Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa bari an ɗauke mu ba, yana cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da sura. Akawun ya gaji da jira ya bar gurbin fari. Ni a ganina addinina na tsare. Tun Talata farin gurbin nan nake gani.

Malam yana bin hanyar Jugu da motar tsakuwa tun farkon damina, kuma gidanka yake sauka, shi ya sa kai zan tambaya. Wa aka kai asibiti da sunana? Ba faɗa nake yi ba. So nake in sani kawai, don mace ce, 'yar wani ce, ta mutu, ni kuwa ko addu'a ban iya yi mata da sunanta ba. Na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki allo in ajiye, in ɗora miya in manta gishiri.

Ga ƙunshi nan na ba Lado, atamfa ce ta ƙawata Mariama mai sayar da wasa-wasa, ta ɗinkin Sallah tun da wuri. Ka aika mata. Ka ce na yi fushi, na aika na sake aikawa ba amsa. In ciniki ne ya mantar da ita ni, to in na zo sai na kifar da tukunyar.

Ka gai da Amariya da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka, Rabi'a

*

Zongon Jugu

Yaya Rabi'a,

Gaisuwa da girmamawa. Takardarki ta iso, da ƙunshin. Muna lafiya, ruwa dai ya yi mana yawa, hanya duk ta lalace.

Bon, Yaya, ba zan yi miki kwana-kwana ba, na san ki, in na binne sai kin tono. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Mariama ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ciwon ciki ya kama ta, aka yi jiƙo, aka yi rubutu, shiru. Kin san tun rasuwar mijinta ba ta da kowa sai 'yarta Hannatu da tukunyar wasa-wasa. Asibiti kuwa in ba karne, sai kuɗi a hannu kafin a dube ka. Mijinki Malam Salihu yana gidana ranar, ni na roƙe shi aron naki karnen. Ya ce ai da Rabi'a ta ji da kanta za ta miƙa. Na ce kada a gaya miki, tsantseninki ya yi yawa, kafin ki gama bin malamai halal ne ko haram mace ta cika. Zuwansa na gaba ya zo da shi a aljihu.

Kuma ina abin mamaki? A Zongon nan karne kamar turmi ne, gidan da babu sai a aika maƙwabta. Matar mai gadin lekol, makarantar bokon nan, in takarda za a bi, haihuwa take yi kamar kaza, ga ta kuwa ta tsufa ko haƙori babu. Ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Mun ɗauka za ta tashi mu mayar miki da abinki ba ki sani ba. Allah bai nufa ba. Amma ki kwantar da hankalinki, da sunanta aka yi mata sutura, liman a kan Mariama 'yar Awwalu ya yi salla. Mala'ikun kabari ba sa karanta Faransanci. Takarda ce kawai ta tafi da sunanki, ni kuwa ban san asibiti kan aika wa kes ba. Ɓoye miki rasuwar da aka yi, wannan laifina ne, na rasa ta inda zan fara.

Yanzu ga magana. In aka gane, aikin Malam Salihu ya tafi, wataƙila har gidan kaso. Ni da na dangwala hannu a matsayin ɗan'uwan maras lafiya, jandarma za su zo har rumfata. Ke dama ba fita kike yi ba. Mutumin kes namiji ne, ba ya wuce zaure. Ki daure ki mutu a takarda na ɗan lokaci. Ƙasar nan gwamnati ma sauyawa take kamar riga, kafin baɗi an manta. In gyambonki ya tashi sai a aro miki karnen wata.

Atamfar na ba Hannatu. Amariya na gaishe ki, tana yi miki ta'aziyya.

Ƙaninki, Dalhatu

*

Lajifarani
Farkon Sha'aban

Dalhatu, ina gaishe ka, ina gai da iyali. Allah ya jiƙan Mariama, ya haskaka kabarinta, ya ba mu haƙurin rashinta.

Na daɗe ban amsa ba don duk na ɗauki alƙalami sai hannu ya ƙi. Ka san ni da ita allo ɗaya muka wanke a zauren Baba. Ranar da muka ƙulla ƙawance goro ɗaya muka raba, ta cinye nata ta ce in sam mata nawa. Haka take, abina nata ne. Da zanena ta je biki ya fi a ƙirga. Amma kullum sai ta ce, "Rabi, na ɗauka fa," tana dariya. Wannan karon ne kawai ba a bar ta ta faɗa ba.

Ba a zauna mini makoki ba. Yaya za a yi wa gawa ta'aziyya? Matan layinmu ɗaya-ɗaya suke shigowa, su gaishe ni da raɗa kamar masu satar hanya. Jiya Uwa matar mahauci ta zo, ta kama hannuna ta ce, "Malama, ki rufa mana asiri. In aka tono naki an tono namu." Ashe jikanta da karnen ɗan wani aka yi masa aiki. Ashe layin nan kowa ya sani, ni kaɗai nake zaune a duhu da carbina.

'Yan matan da ke zuwa karatu wurina da hantsi, Malam ya sallame su, wai bakin yara ba ƙofa. Allunansu na nan jingine. Da hantsi ya yi sai in rasa inda zan sa kaina, in share tsakar gidan da na riga na share. Shekaran jiya Zuwaira ta ɗauki jakarta za ta lekol, ta tsaya ta ce, "Inna, in madam malamarmu ta tambaye ni, in ce kin mutu?" Ni da na koya mata cewa maƙaryaci ba ya jin ƙamshin Aljanna. Na gyara mata ɗankwali na ce ta yi sauri kada ta makara.

Ga kuma wata sabuwa. Kes ta aiko wa Malam takardar kuɗin gawa, abin da suke ba ma'aikacin da matarsa ta rasu. In ya ƙi karɓa za su yi mamaki, in ya karɓa kuwa ka san sunan abin. Ya kawo ta ɗaki yana juyawa. Ka san ba na ɗaga masa murya. Na ce, "Malam, aron karne don ceton rai, Allah ya san niyya. Wannan kuwa haƙƙin mutane ne, daga albashin kowa ake yanka ana tarawa. Kada ka ci da gawar Mariama." Ya ce to ni me nake so ya yi, ya kai kansa kaso? Na ce ban sani ba. Ya tura ta ƙarƙashin tabarma. Bai sa hannu ba tukuna, kullum sai na ɗaga na duba.

Ka ce da an tambaye ni da na ɓata lokaci. Wataƙila gaskiyarka. Na yi ta tambayar kaina ko da na bayar ko da na hana, har yau ban samu amsa ba. Amma da na sayar da tasoshina na aure, wannan na tabbata. Da kun bar ni na yi mata ko wannan.

Zancen a aro mini karnen wata, kada ka sake faɗa, ko da wasa.

Ƙarya dai ba zan yi ba. Fita kuma ba zan yi ba, saboda Malam da kai. Tsakanin nan nake tsaye, ƙafata ta fara gajiya. Ka yi mana addu'a.

Yayarka, Rabi'a

*

Jugu

Zuwa ga Inna Rabi'a, daga 'yarki Hannatu.

Inna, ina gaishe ki da ladabi. Atamfa ta iso, na gode, ban ɗinka ba, na ajiye. Kawu Dalhatu bai san na rubuto ba. Akwai saƙon da aka ba ni, na kasa riƙe shi.

Ranar da muka fara kai Innata asibiti, likita ya buɗe karnenki ya karanta, ya ce a, mai gyambon ciki ce, tsohon ciwon ne ya tashi. Ya tambaye ta ko irin na bara ne. Ta dubi Kawu, Kawu ya gyaɗa kai, ta ce e. Aka ba mu farin magani aka ce ta bar yaji, muka koma gida. Ita kuwa ba ta taɓa gyambo ba, kin sani, barkono take ci kamar gyaɗa. Muka yi ta ba ta maganinki ciki yana kumbura. Da muka koma, wani likitan ya taɓa gefen dama ta yi ƙara, ya hau faɗa da Faransanci. Mai fassara ya ce hanji ne ya fashe, da an gane tun zuwan farko da an yanka an cire. An yi aikin, amma an makara.

Ban ce laifin wani ba ne, Inna, kwana ne ya ƙare. Amma ina ta tunani, da ba mu zo da littafi ba, da likitan ita zai duba, ba littafin ba.

A ɗakin jinya kullum da safe mai rabon magani sai ta kira, "Rabi'a," Innata ta ce na'am. Tun tana yi da dariya har ta daina. Ana gobe za ta rasu ta jawo ni ta ce, "Ki gaya wa ƙawata na ɗauki sunanta ban faɗa mata ba, ta yafe mini. Ki ce kayan aro ba ya rufe katara, ta zo ta karɓi abinta, ni ma a ba ni nawa."

Takardar rasuwa da suka ba ni sunanki ne a kai. Na rasa inda zan ajiye ta. Ba na so in gan ta, ba na iya yarwa.

Ki gai da Baba Malam da Zuwaira. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki, Hannatu

*

Zongon Jugu

Yaya, gaisuwa a gurguje, Lado ya tada mota.

Wani abokina da ke shara a ofishin kes na nan ya ce sun fara shinshina. An aiko kwantirola mai binciken karne daga Kwatano tana bin gidaje, kuma mace ce. Kin ji? Mace. Zaure ba zai tsare ta ba, har ƙuryar ɗaki za ta shiga. Nan ta fara, ta tafi da karnen matar mai gadi, Paraku ta nufa.

Na yi magana da Malam Salihu, mun shirya. In ta zo, ke Mariama ce, ƙawar marigayiya, kin zo daga Jugu riƙon yara. Ba wanda ya san Mariama kamar ki, duk abin da ta tambaya kina da amsa, a takarda kuma Mariama na da rai. Shi zai yi bayani, ke gyaɗa kai kawai. Gyaɗa kai ba rantsuwa ba ce.

Yaya, ban taɓa roƙon ki kome ba. 'Ya'yana ƙanana ne.

Dalhatu

*

Lajifarani
Ƙarshen Sha'aban

Ƙanena Dalhatu, sallama da gaisuwa. Na fi so ka ji daga gare ni kafin ka ji a tasha.

Ta zo ranar Alhamis da hantsi. Madam Bake ake ce mata, mutuniyar Bargu, gajera, da tabarau da jakar fata. Na zaci za ta shigo da takalmi da Faransanci. Sai ta tuɓe a bakin ƙofa ta yi sallama da Hausa tsantsa, har da "ina kwana, ina ƙarin haƙuri." Malam ya tsaya a bakin zana ya ce, "Wannan ƙawar marigayiya ce, Mariama, daga Jugu." Ban gyaɗa ba, ban girgiza ba. Na shimfiɗa mata tabarma.

Ta zauna ta sha ruwa, ta dubi allunan da ke jingine. Ta ce, "Kin daɗe da sanin marigayiya?"

Na ce, "Tun muna yara."

"Mutuniyar kirki ce?"

Na ce, "Ta fi ni."

"Me ya yi ajalinta?"

"Ciwon ciki."

Ka ga har nan ban yi ƙarya ba. Har na fara jin ko Allah zai fitar da ni ta wannan siririyar hanya. Malam ma na ji ya sauke numfashi.

Sai ta buɗe jaka ta ɗauko alƙalami, ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Saura abu ɗaya, Inna, don cike takarda. Yaya sunan maigidan nan?"

Dalhatu, sunan yana rubuce a takardar da ke kan cinyarta. Ba nema take ba. Nan take na gane. Da Mariama ce da ta faɗe shi gatsal, har da tsokana, ka san yadda take kiransa. Ni kuwa tun ranar da aka kawo ni gidan nan sunan nan bai taɓa fita bakina ba, ko a mafarki. Kalma ɗaya ce, gajera. Malam ya yi gyaran murya. Na ɗaga kai na gan shi, gumi a goshinsa, yana roƙo na da ido in kira sunansa kamar bare. Na tuna yaranka. Na buɗe baki, har harshena ya hau harafin farko.

Sai na ga in na faɗa, na ce ke nan ba mijina ba ne, Zuwaira ba 'yata ba ce, ƙawata kuma ba ta mutu ba, ba ta ma bar saƙo ba. Ita tana can tana jiran a ba ta nata sunan, ni kuma in ɗauke shi in yafa.

Na ce, "Ba zan iya ba, Madam. Mijina ne."

Muryata ba ta fita ba sosai, ta ce in sake. Na ce, "Ni ce Rabi'a. Wadda ta rasu Mariama ce, 'yar Awwalu."

Malam ya zame ya zauna a ƙasa inda yake.

Madam ta cire tabarau ta goge. Ta ce a nan unguwar Gema ta girma cikin mahauta, matar da ta riƙe ta har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunan mijinta ba. Ta ce, "Na yi tambayar nan a gidaje da dama, Inna. Wasu sukan faɗa, su yi ta kuka bayan na fita." Na ba ta labarin gyambo kamar yadda Hannatu ta rubuto mini. E, ta rubuto, kada ka yi mata faɗa. Madam ta ajiye alƙalami. Ta ce mutane sun ɗauka kuɗin kes kawai take bi, alhali wannan ne abin da ya fi tsorata ta, likita ya yi wa littafi magani mutum na kwance.

Ta tambayi takardar kuɗin gawa. Malam bai motsa ba, ni na ɗaga tabarma na miƙa mata. Ta juya ta ga ba hannu a kai. Ta dube shi ta ce, "Malam, wannan ce ta raba ka da kaso. Sauran ba a hannuna yake ba." An dakatar da shi daga aiki har a ji daga Kwatano. Ko za a mayar da shi, Allah kaɗai ya sani. Za a karɓe duk karnen da ba hoto, a sake sababbi.

Tun ranar bai yi mini magana ba. Yana cin tuwona dai. Uwa ta daina amsa gaisuwata, almajiraina biyu kawai suka dawo. Ban ce na yi gwaninta ba, Dalhatu. Na ji nauyi ya sauka, wani ya hau.

Saura naka. Na tambaye ta yadda za a mayar wa Mariama sunanta. Ta ce sai wanda ya dangwala hannu a asibiti ya je da ƙafarsa ofishinsu na Jugu ya faɗi gaskiya, a yi sabuwar takarda. Ta ce wanda ya kai kansa da wanda aka je ɗauka ba ɗaya ba ne, amma ba ta yi mini alkawarin kome ba, ni ma ba zan yi maka ba. Ban ba ta sunanka ba. Tana da shi.

Ka yafe mini abin da na jawo maka. Allah ya kai mu Azumi lafiya.

Yayarka, Rabi'a

*

Lajifarani
Bayan Ƙaramar Sallah

Dalhatu, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Azumi ya zo ya wuce ban ji daga gare ka ba. Duk ranar da Lado ya shigo gari sai in aika a tambaya, ya ce ba saƙo. Ba kome. Ina nan.

Daga Kwatano har yanzu shiru. Malam yana bin wani mai shanu kasuwa yana samun na cefane. Na sayar da tasoshin.

Ga abin da ke cikin ambulan. Hotona ne. Na tambayi liman, ya ce larura ce. Ko da bai ce ba da na je, don farin gurbin nan ya riga ya ci mutum. Malam ne ya raka ni wurin mai hoto a Gema, yana gaba ina baya, ba mai cewa kome. Mutumin ya zaunar da ni gaban wani baƙin ƙyalle ya ce in yi murmushi, ban samu ba. Da ya gama ya ɗauki alƙalami ya ce wane suna zai rubuta a baya. Kafin in buɗe baki Malam ya ce, "Rabi'a. Matata ce." Maganarsa ta farko ke nan.

Ɗaya an manna a karne. Wannan naka ne. Ashe na tsufa, ashe kuma goshin Baba gare ni, ba wanda ya taɓa gaya mini. In ba ka son sura a ɗakinka ka ba Hannatu.

Ka gai da Amariya da yara.

Yayarka, Rabi'a

*

Zongon Jugu

Yaya, barka da Sallah.

Hoto ya iso. Goshin Baba ne, har da hararar.

Na je ofishin kes ranar Litinin, Hannatu ta raka ni cikin atamfar. Sun ce in dawo gaban alƙali in an kira ni. Sun ba ta sabuwar takarda, na sa an karanta mini: Mariama 'yar Awwalu.

Fushin bai gama sauka ba. Amma ki zo, ɗakinki na nan.

Ƙaninki, Dalhatu